Littattafan da Sashe na Biyu Ya Kora

Laraba, 2 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya na ci ƙuri'a, shida da ɗaya. Ya kamata in tashi da farin ciki, amma ga ni zaune a kicin, shayi ya huce a gabana.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na ga inda gaskiyata ta tsaya. Wata goma sha huɗu ke nan kwamitinmu na mutum bakwai yana rubuta kundin ƙa'idar da ɗakunan karatu za su bi wajen aika jerin littattafansu zuwa manhajojin waya, yadda mutum zai zauna a ɗakinsa ya ga abin da ke kan kantar kowane ɗakin karatu, ya ara ko ya sauke. Ni ce edita. Sashe na biyu, wato ma'anar kalmomi, nawa ne kacokan: me ake nufi da jeri, me ake nufi da aro, me ake nufi da mahaɗi, wannan ɗan layin da ake dannawa ya kai mutum ga abin da yake nema. A ofis har suna suka laƙaba mini, Hajiya Dole, wai ba na rubuta layi uku ban sa "dole" ba. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba, don na'ura ba ta san "wataƙila" ba.

Jiya muka zo kan kalmar da muka yi ta ɗagawa saboda kowa na ganin ta fi sauƙi. Na rubuta: "Littafi: rubutun da mai karatu zai iya samu. Dole kowane littafi a cikin jeri ya zo da mahaɗin da za a bi a are shi, a saye shi ko a sauke shi." Kowa ya ɗaga hannu sai Kawu.

Kawu yayan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara kai ni ɗakin karatu ina 'yar shekara tara, shi ya koya mini wannan aikin. Ya yi ritaya tuntuni, aka ba shi kujera a kwamitin don girmamawa.

Na faɗa masa wata magana a gaban mutane. Ba zan rubuta ta yau ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Injiniya, mai haɗa mana jerin gwaji, ta leƙo ofishina ta ce in kwantar da hankalina, ma'anar ta yi tsaf. Ta sake nuna mini abin da ta nuna a taro: in mai karatu ya danna sunan littafi bai buɗe ba, sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace, ya goge ta. Tana da gaskiya. Ni ma ina da gaskiya.

Matsalar katunan Kawu ce. Shekara talatin da ɗaya yana tara bayanin littattafan da aka san an buga su amma ba a san inda ko kwafi ɗaya yake ba. Wani a tallar tsohuwar jarida ya gan shi, wani a bangon bayan wani littafin, wani a bakin tsohon ma'aikacin maɗaba'a. Kati ɗari shida da arba'in, a kwalayen takalmi huɗu. Shekara takwas da suka wuce ni da hannuna na shigar da su tsohon shafin intanet na ɗakin karatunmu, kowanne da layi a ƙarƙashinsa: "Ba mu san inda kwafinsa yake ba. In kana da shi, ka zo." Mutum tara suka zo a cikin shekarun nan, littafi tara suka dawo. Yanzu ba su da mahaɗi, don haka a kundina ba littattafai ba ne, ba za su shiga jeri ba. Tsohon shafin kuwa rufe shi za a yi da zarar jerin ya fara aiki.

Jiya minti arba'in ya yi yana bayani. Sau uku yana kira na Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni, ga wakilin masu ɗab'i yana ta murmushi ƙasa-ƙasa. Shekarata arba'in da uku. Ba uzuri nake kawo wa kaina ba, faɗa kawai nake yi.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je gaida Mama. Ta tambayi yara, ta tambayi maigidan, ta sa na gyara mata labulen falo, ta yi mini tarihin ciwon gwiwarta tun daga farko. Sai da na ɗauki jaka sannan ta ce Yaya ya je ɗakin karatu shekaranjiya ya kwashe kwalayensa a tasi. Ta ce bai gaya mata komai ba, kuma rashin faɗar ne ya tayar mata da hankali, don mutumin da ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ba da labari.

"Me kika yi masa?"

Na ce aikin ofis ne, ba za ta gane ba. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina firamare, ta ce lallai, ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma yayanta ta san shi. Na yi mata sallama na fito.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Bai zo taro ba. Ni ke riƙe da rajistar halarta, na rubuta "bai zo ba" a gaban sunansa.

Cikin minti hamsin muka gama. Wakilin masu ɗab'i ya dubi agogo ya ce yau kam an yi taro irin na mutane masu aikin yi, aka yi dariya. Ban yi ba, amma ban hana ba. Matashin da Kawu ke jingina bayansa da shi yana nan kan kujerarsa ta gefen taga, ba wanda ya taɓa shi.

Akwai hanyar gyara, kuma a hannuna take. A kwamitinmu ma'anar da aka kaɗa wa ƙuri'a ba a sake buɗe ta sai wanda ya rubuta ta ya nema da kansa, a rubuce, kafin ranar rufe kundi. Kawu ne ma ya kawo ƙa'idar tun a wata na biyu, bayan mun kwashe zama huɗu muna gardama kan "aro". Ranar rufe kundi talatin da ɗaya ga wata. Akwai lokaci.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Maigidan ya ce in je in ba shi haƙuri kawai. Na ce in na je, ya zama na yarda ma'anata ba daidai ba ce. Ya ce ma'ana daban, baki daban, ba wanda ya ce in janye rubutuna, harshena aka ce in janye. Na ce tun yaushe mai gyaran firji ya zama alƙali. Ya ɗauki makullinsa ya fita yana dariya, ya bar ni da haushin ya fi ni gaskiya.

Jumma'a, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na fara rubuta takardar neman buɗe ma'anar. Layi biyu na yi na goge. Da wane ido zan dubi Injiniya, bayan ni na tsaya kai da fata?

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Akwai lokaci.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Bai zo ba, karo na biyu.

Shugaban kwamiti ya tambaya ko Malam ya aiko da uzuri, kowa ya juyo ya dube ni. Wanda ya yi fashin zama uku a jere ba uzuri, kujerarsa ta faɗi, haka dokar take. Kuma a wajenmu uzuri ba wani abu ba ne, ɗan kwamiti ɗaya ya ce "ya gaya mini ba zai samu zuwa ba", shi ke nan an rubuta. Da na buɗe baki na faɗi haka ba wanda zai yi mini tambaya ta biyu. Na ce ban ji daga gare shi ba. Gaskiya na faɗa, kuma a lokacin har daɗi na ji wai ni ba na ƙarya a rajista.

Malamar ɗakin karatun makafi, wadda ke zama kusa da ni, ta matso ta ce a hankali, "Kawunki ne fa." Na yi kamar ina neman biro.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na kira shi. Bugu biyu ya ɗauka.

"Malama Edita, ina wuni?"

Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tambayi aikin maigidan, ya ce in gaya wa Mama ta daina hawa benen maƙwabta da wannan gwiwar. Ladabi kamar yana magana da baƙuwa. Na shirya magana tun safe, na maimaita ta a mota, amma da na ji wannan "Malama Edita" sai zuciya ta taso mini, na haɗiye maganar. Na ce dama gaisuwa ce. Ya ce ya gode ƙwarai. Minti biyu da daƙiƙa goma, haka wayar ta nuna.

Jumma'a, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Injiniya ta saka mini jerin gwaji a waya. Abin sha'awa, wallahi. Littafi dubu goma sha ɗaya, kowanne ka danna ya buɗe. Da ta fita na rufe ƙofa na fara rubuta sunayen da na tuna daga katunan. Na gwada bakwai. Kowanne amsa ɗaya: babu sakamako. Ba kuskure ba ne, na'urar ta bi abin da na rubuta sau da ƙafa.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ga abin da na ce. Na ce, "Kawu, masu rai muke yi wa jeri, ba maƙabarta muke ginawa ba. In gadin kaburbura kake so, ka je ka yi a gidanka."

Aka yi dariya. Wata bakwai ke nan da rasuwar Inna, matarsa ta shekara arba'in da shida, kuma a gidan nan da na tura shi ba kowa sai shi. Ban tuna ba a lokacin, Allah ya sani ban tuna ba. Sai da na ga ya tattara takardunsa a hankali, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya sa biro a aljihu. Bai tashi ba, ya zauna har aka kaɗa ƙuri'a, hannunsa a kan cinyarsa.

Na rubuta. Ban ji sauƙi ba ko kaɗan.

Talata, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Karo na uku. Shugaba ya karanta dokar ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce in gyara rajista. Na ja layi a kan sunan Kawu da rula, don ko a nan ba na son layi ya karkace. Mun koma mu shida.

Na gaya wa kaina ai shi ya zaɓa.

Laraba, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau wani tela ya zo ɗakin karatu yana neman "masu neman littattafai". Aka turo shi ofishina. Dattijo ne, da tef ɗin awo rataye a wuya, ya ce shago ya bari a buɗe don haka ba zai zauna ba. Ya kwance wani ƙyalle, sai ga ɗan littafi mai shafi talatin da biyu a kan gyaran rijiya, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. A ƙasan durowar keken ɗinkin da ya gada wajen mahaifinsa ya same shi, an shimfiɗa shi don kada allurai su faɗa ta tsaga. 'Yarsa ta rubuta sunan a waya, tsohon shafinmu ya fito da layin nan.

"An ce in ina da shi in zo. To ga ni."

Na san katin. Kwali na biyu, Kawu ya rubuta a ƙasansa cewa a tallar jarida ya gan shi. Na goma ke nan. Telan ya ƙi karɓar komai, ya ce dama tun yana yaro yake ganin abin yana tunanin wa zai so shi. Ya ƙare wa ɗinkin rigata kallo, ya ce wanda ya yi mini hannun nan bai ji tsoron Allah ba, ya tafi.

Da mako biyu ya ƙara kafin ya buɗe durowar nan, babu sakamako zai gani, ya mayar da shi ƙarƙashin allurai. Na rufe ƙofa na yi kuka, ni Hajiya Dole.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na miƙa takardar. Sabuwar ma'anar: "Littafi: rubutun da aka san an wallafa shi. In ana iya samunsa, dole ya zo da mahaɗi. In ba a san inda yake ba, dole a sa masa alamar 'ana nema', manhaja kuma ta nuna wa mai karatu inda zai tuntuɓa." Minti goma ta ɗauke ni. Minti goma, bayan kwana ashirin da uku.

Jumma'a, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Injiniya ta wanke ni tas. Ta ce da a makon farko na zo da wannan, layi ashirin ne a wajenta. Yanzu kamfanoni uku sun riga sun gina manhajarsu a kan daftarin, sun yi gwaji, sun sa ranar fitarwa. Duk hujjar da ta kawo tawa ce, har da yadda nake jera yatsu in ina kawo ta. Ban ga laifinta ba.

Na je wajen Shugaba a kan kujerar Kawu. Ya ce mayar da ɗan kwamiti sai hukumar da ta naɗa mu ta zauna, ita kuwa sai nan da wata biyu. Ya cire tabarau ya ce, "Ranar nan da na yi tambaya, ke nake ba wa ƙofa."

Ban kira Kawu na gaya masa labarin telan ba. So nake in je masa da abu biyu a hannu, littafin da ƙuri'ar. Har yanzu girman kan bai sake ni ba, kaya kawai ya sauya.

Talata, 29 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ajiye littafin rijiyar a tsakiyar tebur na yi bayani. Minti ashirin da biyar na yi, na ga wakilin masu ɗab'i yana duba agogo, na gane yadda abin yake daga wancan gefen.

Aka kaɗa ƙuri'a: ni, da Malamar ɗakin karatun makafi, da Shugaba a gefe ɗaya. Injiniya, da wakilin masu ɗab'i, da wakilin masu manhaja a ɗaya gefen. Uku da uku. In aka yi kunnen doki, tsohon rubutu ne ke zama. Ba wanda ya dubi kujerar gefen taga, amma ba wanda ya yi dariya yau.

Za a sake duba kundin bayan shekara biyar. Kawu yana da saba'in da huɗu.

Alhamis, 31 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

An rufe kundi. Sunana ne a shafin farko.

Asabar, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Na je. Na same shi a baranda yana gyaran mariƙin buta da waya. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Ban yi kwana-kwana ba, na maimaita maganar da bakina na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ƙasa da sanyi, maganar ta wuce tun ranar. Na san ba ta wuce tun ranar ba, amma ban musa ba.

Na ba shi littafin telan, wanda na aro da sa hannuna. Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa. Ya daɗe yana juya shafukan, ya ce shekara ashirin da shida yana zaton shafi sittin ne. Sannan ya tambayi yadda aka ƙare a kwamiti, na gaya masa duka. Ya lissafa da yatsu.

"Uku da uku. Ashe hannuna ne ya rage." Ya girgiza kai. "Fushi na yi, a shekaruna."

Wannan ya fi mini zagi ciwo. Na ce ba haka ba ne, ni ce na ƙi rubuta masa uzuri, ni ce na zauna a kan takardar mako uku. Ya ce ya sani. Shugaba ya kira shi bayan zama na biyu ya ce ko saƙo ya aiko ta hannuna. Shi kuma ya zauna yana jira in tambaye shi ko zai zo. Ranar da na kira, takalminsa na taro a goge yake.

Ya tambayi yaushe za a rufe tsohon shafin, na ce Litinin. Ya ce bai taɓa ganin sa a waya ba, in buɗe masa. Na jawo kujera kusa da tasa, na ƙara girman rubutun. Muka fara daga na ɗaya. Yana karanta suna, sai ya faɗi inda ya ji labarinsa, wa ya gaya masa, a wane shago, wane gida yake zaton akwai kwafi amma aka hana shi shiga. Rabin abin da yake faɗa ba ya kan katunan, ban taɓa jin sa ba, ko kuwa ya sha faɗa a taro ina kallon agogo. Na ciro biro na fara rubutawa a bayan takardun jakata.

Mun kai na ɗari biyu maigidan ya zo ɗaukata. Gobe da sassafe zan koma. Saura ɗari huɗu da arba'in, kuma ƙarfe takwas na safiyar Litinin za a rufe shafin.